Haɗin Kai a Majalisar Ƙaramar Hukuma da Hidimar Kansila ga Jama'arsa

Wannan jawabi ne da jami'in raya karkara na hukumarmu ya gabatar a taron horarwa na fastoci, dattawa, shugabannin zumuntar mata da na matasa. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

  Na san waɗansunku sun baro aikin gona, waɗansu kuma sun hau mashin tun da asuba a kan hanya marar kyau. Wannan hanyar da kuka sha wuya a kanta tana cikin abin da za mu tattauna yau.

An ce in yi magana a kan majalisar ƙaramar hukuma, watau yadda kansiloli za su yi aiki tare, da irin hidimar da ya kamata kansila ya yi wa mutanen da suka zaɓe shi. Watakila wani ya ce a ransa, ina ruwan hukumar taimako ta ikkilisiya da zancen kansila? Amsar tana cikin wasiƙun da kuke aiko mana. In ka buɗe su kusan magana ɗaya ce: rijiyar burtsatse ta lalace, iska ta kwashe rufin aji, ruwa ya cinye kwalbati, babu magani a ɗakin shan magani. Muna yin iyakar ƙoƙarinmu da baikon da 'yan'uwa suke bayarwa, za mu kuma ci gaba da yardar Ubangiji. Amma kusan dukan waɗannan abubuwa doka ta riga ta ɗora su a wuyan ƙaramar hukuma, akwai kuma kuɗin da ake ware mata kowane wata dominsu. Idan mun haƙa muku rijiya ɗaya muka yi shiru a kan wannan, ba mu taimake ku yadda ya kamata ba.

Tsofaffin da ke nan sun tuna zamanin En'e, lokacin da sarki da majalisarsa suke riƙe da haraji, da kotu, da 'yan doka. A shekarar 1976 gwamnatin soja ta yi gyara, ta kafa ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a ƙasar duka, wajen 300 a lokacin. Aka yi ta ƙara su har suka kai 774 a 1996, haɗe da guda 6 na Abuja. Filato tana da 17, Kaduna 23, Bauchi 20, Adamawa 21, Gombe 11. An raba kowace ƙaramar hukuma zuwa mazaɓu, aƙalla 10, kowace mazaɓa da kansilanta. Sashe na 7 na tsarin mulki na 1999 ya ce jama'a ne za su zaɓi majalisar ƙaramar hukuma.

A jadawali na huɗu na wannan tsarin mulki aka jera ayyukanta, ina so kuma ku saurara da kyau, gama da yawa daga cikinmu mun tsufa ba mu taɓa jin an karanta mana su ba. Kasuwa da tasha da mayanka da ban-ɗakin jama'a, na ƙaramar hukuma ne. Haka ma ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da kwashe shara, da makabarta, da gidan gajiyayyu, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ita ce ke ba da lasisin keke da amalanke da kwale-kwale, ita ke sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da wuraren sayar da giya. Sa'an nan tana da hannu tare da gwamnatin jiha a makarantun firamare da yaƙi da jahilci, da aikin gona, da kiwon lafiya. Bugu da ƙari, dokar ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon ba da takardar mallakar fili ta gargajiya a karkara. (Fastoci, ku riƙe wannan. Majami'u nawa ne suke zaune a kan filin da wani tsoho ya bayar da baki, ya rasu, babu ko takarda ɗaya?) Ku duba wannan jeri, ku faɗa mini in akwai ranar da za ta wuce a ƙauye ba a taɓa ɗaya daga cikinsu ba. Shugaban ƙasa yana Abuja, gwamna yana babban birnin jiha, amma kwalbatin da ya hana a kai mai naƙuda asibiti a watan Agusta, maganarsa a sakatariya take.

To, ina kansila yake a cikin wannan? A yawancin jihohi aikin ya kasu gida biyu. Ciyaman da mataimakinsa da sakatare da waɗanda ya naɗa su kula da sassa, kamar ayyuka da lafiya da ilimi da noma, su ne masu zartarwa, kuɗi a hannunsu yake. Kansilolin da aka zaɓa daga mazaɓu su ne majalisa. Sukan zaɓi shugaba a cikinsu, su yi ƙananan dokoki, su duba kasafin kuɗin shekara su amince da shi ko su gyara, su kuma bi sawu su ga ko an kashe kuɗin inda aka ce. Kansilan da kuka zaɓa ba shi da wani asusu da zai sa hannu ya ciro kuɗin gada. Abin da yake da shi bakinsa ne, da ƙafarsa, da ƙuri'a ɗaya. Duk ɗan takarar kansila da ya tsaya a gabanku ya ce shi kaɗai zai gina muku asibiti, ko dai bai san aikin da yake nema ba, ko kuwa yana zaton ku ba ku sani ba.

Maganar kuɗi kuwa, ga yadda take. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Tun 2004, sa'ad da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga abin da kowace jiha da ƙaramar hukuma ta samu a kowane wata, kuma matasanmu masu waya suna iya duba irin waɗannan lissafi a intanet. Sai dai sashe na 162 ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, nan ne kuwa aka daɗe ana kuka, domin abin da ya shiga asusun ba shi ne yake fitowa ba. Gwamnoni da dama kuma sun saba rushe zaɓaɓɓun majalisu su naɗa kantomomi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce mulkin kantoma ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci ne mai kyau, ko da yake an yi watanni da yawa bayansa ana jan ƙafa wajen aiwatarwa. Ko da kuɗin ya iso cif, babban kaso nasa yakan tafi ga albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da sauran ma'aikata. Abin da ya rage na ayyuka ba shi da yawa kamar yadda muke zato, ba shi kuma da ƙanƙanta kamar yadda ake faɗa mana.

A kan wannan ragowa ne haɗin kai yake shigowa. Iyayenmu mata, ku za ku fi kowa gane abin da zan faɗa, gama ku ne masu adashi. A ce majalisa tana da kansiloli 11. Kowa ya zo zaman kasafin kuɗi da nasa, kowa ya ce in ba a sa na mazaɓarsa ba ba zai ɗaga hannu ba. Domin a zauna lafiya sai a yanka ragowar kuɗin kashi 11. Kashi ɗaya ba ya gina gada, ba ya gama aji. Shi ya sa duk inda ka bi a karkararmu za ka ga harsashin gini da ciyawa ta rufe, da kwalbati ba ƙasa a gefensa, da tankin ruwa a sama ba famfo a ƙasa. An kashe kuɗi, kowane kansila ya ɗauki hoto, babu wanda ya sha ruwa. Mace goma sha ɗaya in kowa ta riƙe zubinta a bakin zane, babu wadda za ta sayi injin niƙa har abada. Amma in sun zuba wuri ɗaya, wannan ta kwasa wannan wata, waccan wata mai zuwa, kafin shekara ta zagayo kowa ta yi abin kirki. Haka majalisa take. Kansiloli uku da rafi ɗaya ya raba mutanensu da kasuwa za su iya haɗa kai a kan gada ɗaya, su je wurin waɗansu uku su ce, ku ɗaga mana hannu bana, baɗi mu ɗaga muku a kan asibitinku. Shida a cikin goma sha ɗaya sun isa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma kun san abin da yake kashe adashi: wadda ta kwasa da fari ta daina zubi. Saboda haka irin wannan yarjejeniya dole a rubuta ta cikin littafin zaman majalisa, jama'ar kowace mazaɓa su san layinsu, su san shekarar da za a zo kansu. Ku kuma sai ku yi wa kansilanku haƙuri in ya dawo ya ce bana ya goyi bayan aikin maƙwabta. Kada ku ce ya sayar da ku. Ku tambaye shi abin da aka yi masa alkawari a madadi, da inda aka rubuta. Kuma rafi ba ya tambayar jam'iyya. Kansilan da ya ƙi gaisawa da na kusa da shi domin wancan ɗan wata jam'iyya ne, ko Musulmi ne, ko ɗan wata kabila, ya rage wa kansa ƙuri'a tun kafin a zauna, mutanensa ne kuwa za su ci gaba da tuɓe takalma a bakin rafi.

Akwai wani abu mai kama da haɗin kai wanda ba shi ba ne, Bahaushe ya ba shi sunansa: haɗin baki. Majalisar da ba a taɓa jin gardama a cikinta ba, kasafin kuɗi ya shigo da safe ya fita kafin azahar ba wanda ya buɗe shafi na biyu, wannan ba zaman lafiya ba ne, an dai toshe bakin kowa da rabonsa. Akwai kuma majalisar da ba ta da aiki sai barazanar tsige ciyaman ko shugaban majalisa, in ka bincika kuwa sai ka tarar a kan alawus ake faɗan. Ni a ganina, gara kansilan da zai yi gardama mai zafi a kan kuɗin rufin makaranta, a tashi ya ci tuwo da abokin gardamarsa, da wanda kullum yake murmushi yana ɗaga hannu.

Yanzu bari in juyo kanmu, ku gafarce ni in maganar ta yi ɗaci. Ku je ƙofar gidan kowane kansila da sassafe ku ga layi. Wannan kuɗin makarantar ɗansa, wancan kuɗin asibiti, wata bikin 'yarta, wani jana'iza. Ba na raina bukatar kowa, talauci ba wasa ba ne. Mu ma a ikkilisiya ba mu tsira ba: za a yi taron tara gudummawa, wanda muke kira lancin, na ginin majami'a ko kayan kiɗa, sai a rubuta sunan kansila a matsayin babban baƙo, a zaunar da shi a gaba, a miƙa masa abin magana a gaban jama'a domin kunya ta sa ya faɗi kuɗin da ba shi da shi. Majami'u nawa ne a mazaɓa ɗaya? Albashinsa ba zai kai tsakiyar wata ba. Daga nan ina zai nufa? Sai ofishin ciyaman, ya roƙi a taimaka masa, ko a ba shi 'yar kwangila. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da aka kawo kasafin kuɗi, mutumin da ya karɓi ambulan jiya ba zai iya tashi ya tambayi inda kuɗin kwalbati ya shiga ba. Ashe da hannunmu muka rufe bakin da muka aika ya yi magana dominmu. Naira dubu biyar da ya ba ka ta ƙare kafin ka isa gida, kwalbatin kuwa da zai yi wa jikokinka amfani.

Ba ina cewa kansila ba shi da hidimar da zai yi wa mutum ɗaya ɗaya ba. Yana da ita, mai yawa ma, sai dai ba daga aljihu take fitowa ba. Yaro ya sami gurbin karatu ko zai shiga aikin soja, ana neman takardar shaidar asalinsa daga ƙaramar hukuma, ya yi ta zirga-zirga har lokaci ya kusa ƙurewa. Tsohon malamin firamare yana bin haƙƙinsa na fansho, an ce fayil ya ɓace. Mace da mijinta ya rasu za a ƙwace rumfar kasuwa da suke ci da ita. Ƙauye yana son a turo ungozoma. A irin waɗannan ne kansilan kirki zai sa takalmi ya raka mutum ofis ofis, gama ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ma'aikata kuma sun san fuskarsa. Zai yi wannan ba tare da ya tambayi mutumin wa ya zaɓa ko ina yake sujada ba, ba kuma tare da ya karɓi ko kaza ba.

Ikkilisiya ta fari ta gamu da irin wannan matsala, labarin yana cikin Ayyukan Manzanni sura 6. Ana rabon abinci kowace rana a Urushalima, sai masu bi da suke magana da Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake matansu da mazansu suka mutu. Ku lura, rabon kayan taimako ne, kuma ƙorafin ya bi layin harshe, kamar yadda namu yakan bi layin kabila. Manzanni ba su ce wannan tawaye ne ba, ba su kuma kira masu ƙorafin gefe sun sallame su da ɗan abu ba. Suka tara jama'a duka, suka sa jama'ar da kansu su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe aikin. In kun karanta sunayen bakwai ɗin, su Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, dukansu sunayen Helenanci ne. Masana da yawa suna ganin wannan ya nuna an danƙa rabon a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Masu rinjaye ne suka yi wannan da yardar ransu. A majalisun da 'yan'uwanmu suka fi yawa, ina roƙo a tuna da wannan sa'ad da ake raba shugabancin kwamitoci da ayyuka. A inda mu ne marasa yawa mun san zafin a tsallake mu, bai kamata mu ɗanɗana wa wani shi ba.

Kada wani ya ɗauka maganar ƙaramar hukuma ƙaramar magana ce. A Tafawa Balewa, a watan Afrilu na 1991, a kan maganar nama da mayanka wuta ta tashi, ta kai har cikin Bauchi. A Zangon Kataf, ƙaramar hukuma ce ta yanke shawarar mayar da kasuwa daga tsohon wurinta zuwa sabo. Atyap suna so, Hausawan garin Zango ba su yarda ba. Faɗa ya ɓarke a watan Fabrairu na 1992, ya sake tashi da ƙarfi a watan Mayu, ya bazu har Kaduna da Zariya. A Jos ta Arewa, zaɓen ƙaramar hukuma na ƙarshen Nuwamba 2008 ya ƙare da mutuwar ɗaruruwan mutane cikin kwana biyu, aka kuma yi shekaru ana tsallake ta in an zo zaɓen ƙananan hukumomi a jihar. Kirista sun mutu, Musulmi sun mutu, akwai mutane a wannan ɗaki da suka binne nasu. Kowa ya san tushen waɗannan rikice-rikice ya girmi kasuwa da mayanka da akwatin zaɓe. Akwai maganar ƙasa, da sarauta, da wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. Amma ku duba inda ashana ta kama: a kan abubuwan da suke cikin jerin da na karanta muku ɗazu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Majalisa ita ce wuri ɗaya da doka ta tilasta wa wakilin kowace unguwa ya zauna ɗaki ɗaya da na sauran. In an yi gardamar a can har ta nuna, aka fita aka ji bakin sarkin kasuwa da mahauta da masu rumfuna kafin a sa hannu, da wuya ta fito titi.

To, me za mu yi in mun koma gida? Shekarar kuɗin gwamnati tana farawa a Janairu, a watannin ƙarshen shekara ake shirya kasafi. Wanda ya kai kukansa a watan Maris ya makara, sai dai ya jira baɗi. Saboda haka tun kafin a shiga girbi sosai, wajen Satumba, ƙauye ya zauna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kada ku rubuta yoyo goma sha biyar. Ku yi gardamarku a gida, ku fito da abu ɗaya ko biyu. A bar mata su yi magana a wannan zama, gama su ne suke tafiya rafi da tulu, su ne kuma suke kwana da yaro mai zazzaɓi. Sau da yawa maza sukan ce ɗakin taro, mata su ce ruwa, kuma matan ne da gaskiya.

A rubuta takarda gajeriya: ga abin da muke so, ga yawan gidajen da zai amfana, ga abin da mu za mu kawo, ko yashi ne, ko duwatsu, ko aikin gayya. Mai unguwa ya sa hannu, fasto ya sa, limamin masallaci ya sa, arɗo ya sa in akwai ruga kusa, shugabar mata da shugaban matasa su sa. Takardar da ta fito daga majami'a ɗaya da hatiminta kaɗai, abu ne mai sauƙi a ce ta 'yan ɗarika kaza ce a tura ta ƙarƙashin tebur. Wadda gari duka ya sa wa hannu tana da nauyi, tana kuma ba kansilanku abin da zai nuna wa abokan aikinsa. Ku yi kofe uku: ɗaya ga kansila, ɗaya ga ofishin ciyaman a buga muku hatimi da kwanan wata, ɗaya ku ajiye. In aikin ya shafi ƙauyen da ke wata mazaɓa, ku je ku same su, su ma su kai wa nasu kansilan. Ta haka kun samo masa ƙuri'a ta biyu tun daga gida. Ko a lokacin da babu zaɓaɓɓen kansila, sakatariya ba ta rufe, ku kai takardarku.

Bayan haka ku roƙi kansila ya riƙa zuwa ya zauna da ku bayan kowane wata uku, ya faɗa muku abin da aka tattauna da abin da aka sa a kasafi. A yi zaman a makarantar firamare ko ƙofar mai unguwa, inda kowa zai iya zuwa. Kada a yi shi a cikin majami'a. Bagade ba wurin siyasa ba ne, dokar zaɓe ta 2022 ma ta hana yin yaƙin neman zaɓe a wuraren sujada. In kansila ɗan ikkilisiyarku ne, ranar Lahadi ya zauna a bencinsa kamar kowa. Akwai kuma kwamitin lafiya na mazaɓa da kwamitin kula da makaranta. Ku tura mutane masu gaskiya su shiga, kada a bar su ga 'yan koren wani. Inda aka ƙi nuna muku takarda, dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ce ofishin gwamnati ya amsa rubutacciyar tambaya cikin kwana bakwai. Ku tambaya da ladabi, amma ku tambaya a rubuce.

In aikin ya zo, ku gode a fili, ku ambaci sunan kansilan maƙwabta da suka ɗaga hannu, ko da ba jam'iyyarku ba ce. Mutum ne, gobe zai tuna. Ku kuma kafa waɗanda za su kula da abin, da ɗan asusun gyara. Rijiyoyi da yawa da muka tarar a mace, abin da ya kashe su bai kai kuɗin akuya ba, an dai zauna ana jiran gwamnati ta zo ta ɗaura ƙusa.

Na ga akwai kansiloli biyu ko uku a cikinmu yau, mun gode da kuka zo. Ranku ya daɗe, kujerar ta 'yan shekaru ce, a ƙauyen nan za ku dawo ku zauna. Ku karanta kasafin kuɗi shafi shafi, in lissafin ya yi muku wuya ku nemi wani malami ya zauna da ku, babu kunya a ciki. Kada ku tare a hedikwata ku kashe waya. In abu bai yiwu ba ku zo ku faɗa da bakinku, mutanenmu suna jure gaskiya fiye da yadda kuke tsammani. Mu kuma a ikkilisiya za mu rage muku nauyin lancin, mu riƙa ambaton ku da sunan aikinku cikin addu'ar Lahadi, ku da ciyaman da abokan aikinku Musulmi duka.

Bayan abinci za mu rabu ƙungiya ƙungiya bisa ga mazaɓunmu. Kowace ƙungiya ta rubuta sunan kansilanta, da bukata ɗaya da ta fi damun jama'arta, da ƙauyen maƙwabta da bukatar ta shafa, da mutanen da za a nema su sa hannu. Ma'aikatanmu za su zagaya da takarda da biro domin taimaka wa masu rubutu. Za mu dawo nan da ƙarfe uku mu ji daga kowace ƙungiya.